Don Allah a taimaka mana da hanyar bincike a laburare

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a aji biyu na NCE. An haɗa mu rukuni, mu shida, za mu yi gabatarwa a gaban aji kan bambancin shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 da shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko (UBE) da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999. Saura kwana tara.

Malaminmu ya ce ba zai karɓi rubutun intanet marar marubuci ba. Mun je laburare muna neman lamba 370, wadda aka koya mana ta ilimi ce a tsarin Dewey na jera littattafai, sai muka tarar da haruffa a jikin kantoci, LA da LB. Muka yi ta zagaye har aka tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne Manufar Ilimi ta Ƙasa. Bugun 2004 kawai muka samu, alhali na 1977 ne ya fi kusa da zamanin UPE. A wane sashe ake ajiye takardun gwamnati irin waɗannan? Idan kuma muka samu, sunan wa za mu rubuta a matsayin marubuci a tsarin APA na rubuta manazarta, Gwamnatin Tarayya ko hukumar da ta buga?