Dan Allah a ba ni shawara: bincikena ya tsaya a gona ko ya bi amfanin gona bayan girbi?

Assalamu alaikum yan uwa. Na gama digirin farko a fannin noma, zan shiga mastas amma kaina ya ɗaure. Duk shekarun nan iri da taki da tazarar shuka aka koya mana, sai da na je neman aiki wani kamfanin sarrafa abinci mutumin ya miƙo min na'urar auna danshin hatsi ya ce in gwada buhun da ke gabana, wallahi ban san ta inda ake kunna ta ba. Abin ya tsaya min a rai har yau. Gani nake harkar abinci ta yi gaba ta bar ajinmu a baya. To in ci gaba da ɓangaren shuka da na saba, ko in koma ɓangaren ajiya da sarrafawa?

Malamar kwalejin noma:
Wa alaikumus salam ɗana, laifin namu ne malamai ba naka ba, da yawanmu takardun da aka koya mana da su muke karanto muku. Ni dai ina goyon bayan ka koma bayan girbi. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a rahotonta na 2019 kusan kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana salwanta tsakanin girbi da isarsa kanti, kuma fa yanzu fiye da rabin mutanen duniya a birane suke, ɗan birni kuwa ba ya noma abin da zai ci, saye yake, a niƙe a ƙulle a leda, to aikin yi da kuɗi suna bin wannan hanyar ne, rumbu, ɗakin sanyi, sufuri, gwajin inganci.

Tsohon malamin gona:
Malama ki yi haƙuri ban yarda duka ba. In ba a noma ba me za a sarrafa? Ku dubi Burazil, sun kafa cibiyar binciken noma ta Embrapa a 1973, ƙasar yankin Cerrado tsami gare ta an ɗauka ba ta da amfani, binciken ƙasa da zuba farar ƙasa da samar da irin waken suya mai jure zafi su suka mai da wurin babban yankin noman da yake yau. Ga tsutsar nan mai cinye masara da ta ɓulla Afirka a 2016, ga damina da ta daina tsayawa kan lokacinta. Waɗannan duk a gona ake yaƙarsu. Yaro kar kunyar rana ɗaya ta sa ka zubar da abin da ka iya, na'urar nan a wuni guda za ka koye ta.

Wata ɗalibar digiri na uku:
Ko wanne ka zaɓa ka koyi lissafin alƙaluma da manhajar R ta nazarin alƙaluma a kwamfuta tun yanzu, ni sai da na sha wuya na gane haka. Sannan ka fara tambaya wa zai biya kuɗin binciken, don tun alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Maputo a 2003 na ware kashi 10 cikin 100 na kasafi ga noma ƙasashe kaɗan ne suka cika, ɗakunan gwaji da yawa fayau suke.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba maganarka ta shige ni, amma har yanzu zuciyata tana wajen rumbu. Babu batun da zai haɗa biyun?

Malamar kwalejin noma:
Akwai mana, gubar afulatoksin. Funfunar da ke haifar da ita tun a gona take kama masara da gyaɗa, musamman in fari ya takura shuka, sannan ta ƙaru a rumbu in an ajiye hatsi bai bushe ba, shi ya sa ake so danshin masara ya sauko wajen kashi 13 kafin a ɗure ta. Kan wannan gubar ake ƙin karɓar kaya a kasuwannin waje, kuma tana da hannu a ciwon dajin hanta. Ka ga iliminka na shuka bai tashi a banza ba, kuma dole ka riƙe waccan na'urar kullum. Kafin ka rubuta komai ka samu wata ɗaya ka zauna da manoma da dillalan hatsi da masu injin niƙa, ka ɗebo samfur daga hannun kowannensu, sai ka turo min in duba tsarin da kai.