Dilan Forsyth: ɗan leƙen asiri ne ko makashin haya?

Baffa: Jama'a, raina a ɓace yake. Dare uku na hana idona barci kan The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, wanda ake ta zuzutawa wai babu littafin leƙen asiri irinsa. Littafin ya fito 1971, De Gaulle kuwa, shugaban Faransa da ake shirin kashewa a labarin, ya rasu a gidansa 1970. Kowa ya san harsashi ba zai same shi ba. To ina fargabar take?

Anti Rakiya: Baffa, gyara bakinka tukuna. Wane leƙen asiri? Dila, wato Jackal ɗin, makashi ne da 'yan OAS, ƙungiyar asiri ta Faransawa masu ɗauke da makamai, suka ɗauko haya, bayan harin da suka kai wa De Gaulle a Petit-Clamart, kusa da Paris, a 1962 ya ci tura, don haushin sakin Aljeriya da De Gaulle ya yi.

Sadiku: Anti, wanda ya shiga maƙabarta ya ɗauki sunan yaron da ya mutu ya yi fasfo da shi, ya sa aka ƙera masa bindiga a Beljiyam da za ta ɓuya cikin sandar gurgu, me za ki kira aikinsa?

Anti Rakiya: Jabu da kisa. Mai leƙen asiri labari yake kwasowa.

Sadiku: To matar da OAS ta dasa wa wani babban jami'i, tana kwashe sirrin taronsu fa?

Anti Rakiya: Ita ce tauraruwar littafin? Ka daina katse manya.

Malam Habu: Ni marubucin ne ban yarda da shi ba. Abokin Ojukwu ne, littafinsa na 1969 kan Biyafara ɓangare ɗaya ya ɗauka. A 2015 da bakinsa ya amsa ya yi wa MI6, hukumar leƙen asirin Birtaniya, aiki.

Sadiku: Malam, ka gama mana shari'a. Ɗan leƙen asiri ya rubuta, ashe littafin leƙen asiri ne.

Malam Habu: Kada ka juya min magana, yaro. Kakana soja ne a yaƙin nan, ba wasa nake ba.

Baffa: Don Allah, tambayata fa?

Anti Rakiya: Malam Habu, ka ma karanta Dilan kuwa?

Malam Habu: Ba na buƙata.

Sadiku: Bari in taƙaita wa waɗanda suka shigo yanzu. An tabbatar littafin na leƙen asiri ne, Anti ba ta kawo hujja ba, Malam bai karanta ba. Baffa kuwa ya tsallake farautar da ɗan sanda Lebel ya yi wa Dila, wadda ita ce zuciyar labarin.

Anti Rakiya: Wa ya naɗa ka alƙali?