Hatsin baikon godiya: a sayar da kaka ko a ajiye?

Sabon Ma'aji: Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ikkilisiyarmu ƙarama ce ta ECWA a yankin Malumfashi, kuma yawancin membobi manoma ne. Zakkarsu da baikon godiya hatsi ne: masara, dawa, wake. Da kaka ɗakin ajiya ya cika, amma kafin damina ta yi nisa ba a iya biyan fasto, balle a taimaki gwauraye ko mai bishara na ƙauye. Yaya ake tsara wannan?

Dattijo: Ɗana, matsalar tana farawa ne ranar bikin godiyar. Ana gwanjon komai a harabar coci a lokacin da hatsi ya fi arha a shekara, kuɗin kuma ya tafi gyaran rufi. Ka roƙi dattawa su raba hatsin kafin a taɓa shi: kason fasto da mai bishara, kason mabukata, sai na sayarwa. Abin da ake turawa LCC da DCC, wato majalisun ECWA na yanki da na gunduma, a fara cire shi, kada ya zama bashi.

A auna komai a gaban mutum uku, a rubuta da tiya. Buhu babba kusan tiya 40 ne, amma wanda aka kawo daga gona ba kullum yake cika ba, shi ya sa idan "buhu" kawai aka rubuta, daga baya zargi ya faɗa kan ma'aji. Kuɗin baikon Lahadi ma haka: a ƙirga nan take, mutum biyu su sa hannu, a kai banki. Asusun ya zama da sunan ikkilisiya, masu sa hannu uku, ba a fitar da kuɗi sai da biyu. Wanda zai yi tiransifa kada ya tura ta asusun fasto, ko da faston waliyyi ne. A duba 2 Korintiyawa 8:20-21.

Malamin Gona: Ƙari kan maganar Baba. Ajiya ba ta da amfani idan hatsin bai bushe ba. Masara tana son danshi ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100. Gwajin gida: a zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalba busasshiya, a rufe, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya. Wake shi ne mai saurin lalacewa. A sa shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin za su mutu ba tare da magani ba. Leda ɗaya ta huje, aikin ya ɓaci, don haka a yi maganin ɓera, a ɗora buhuna kan katako nesa da bango. Ƙwayar Phostoxin, da ake sa wa hatsi don kashe ƙwari, guba ce mai kisa, kada a sa ta a ɗakin da ke manne da inda iyalin fasto ke kwana.

Mama Zumunta: Malam, na ji, amma ina da ja. Ikkilisiya ba 'yar kasuwa ba ce, Karin Magana 11:26 ma ta yi gargaɗi kan mai ɓoye hatsi. Kuma farashi ba kullum yake tashi ba. Waɗanda suka ajiye masara suka shiga 2025 da ita sun sha asara. Na sayarwa a fitar da shi kaɗan-kaɗan, gwargwadon bukatar wata.

Na mabukata kuwa kada a raba shi duka da Kirsimeti, lokacin kowa na da abinci. Yuli da Agusta ne rumbu ke ƙarewa. Zumuntar Mata ta fi sanin gidan da ba a hura wuta ba, a bar musu rubuta sunaye, a kai da yamma ba tare da shela a coci ba. Maƙwabta Musulmi ma su shiga lissafi, ta hannun mai unguwa. Baikon da aka tara da sunan marayu ko gyaran famfon unguwa, kada a "ranta" shi don sayen amsa-kuwwa. Mutane suna lura, shekara mai zuwa sai ka ga hannu ya janye.

Dattijo: Mama ta yi gaskiya kan farashi. Ɗana, ka riƙa karanta rahoton shiga da fita a gaban jama'a duk bayan wata uku, har da yawan tiyar da ta rage.