Layin dogon Kano zuwa Maradi: ya dace kuɗin Najeriya ya tsallaka iyaka?

Malam Sabi'u: Jama'a, ra'ayina shi ne gwamnatin tarayya ba ta da hujjar ciyo bashi ta shimfiɗa layin dogo har cikin wata ƙasa. A Satumban 2020 majalisar zartarwa ta amince da kwangilar dala biliyan 1.96 ga kamfanin Mota-Engil na Fotugal, Buhari ya ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021, kuma Najeriya ce ta ɗauki nauyinsa har da ɓangaren da ya faɗa cikin Nijar. Lokacin dala tana wajen naira 380 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Bashin dala ne, kuɗin tikiti da na dako kuwa naira da sefa. Wa zai cike giɓin?

Injiniya Rabi: Malam, a fara gyara lissafin. Layin kilomita 284 ne, ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ga reshe zuwa Dutse. Abin da ya shiga Nijar bai kai rubu'insa ba. In an datse shi a Jibiya, mafi yawan bashin yana nan daram, an dai yar da kayan dakon da za su taimaka a biya shi. Jirgin ƙasa da kaya masu nauyi a tafiya mai nisa yake cin riba, fasinja ba ya riƙe shi.

Malam Sabi'u: To wane kaya? Daga ina zuwa ina?

Injiniya Rabi: Nan kam ka taɓo inda yake ciwo. An ce manufar ita ce kayan Nijar su riƙa sauka a Legas. Sabon layin faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon layin Legas zuwa Kano 1,067, tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun. Mai faɗin ya kai daga Legas zuwa Ibadan tun 2021, Abuja zuwa Kaduna tun 2016, amma tsakanin Ibadan da Abuja babu shi. Kwantenar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas sai an sauke ta a hanya an sake ɗorawa, kowane saukewa kuwa kuɗin ƙugiya ne, da kwanaki, da ɓarnar kaya. Matsalar a cikin Najeriya take, ba a Maradi ba.

Alhaji Mamman: Injiniya ta yi gaskiya, kuma darasin yana kusa. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kusan kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso, aka yi bikin buɗewa a 2016 da nufin a haɗa shi da Parakou har Kwatano a ƙasar Benin. Rikicin shari'a kan wanda ke da haƙƙin aikin a ɓangaren Benin ya tsayar da sauran, layin ya zauna ba ya ɗaukar kayan kowa. Ɗan kasuwar Maradi ba ruwansa da tuta, kwana nawa da sefa nawa yake dubawa. In Kwatano ko Lome ta fi Legas saurin fitar da kaya, can zai bi ko da jirgi na tsaye a ƙofar gidansa.

Hajiya Binta: Ni tambayar Malam Sabi'u nake so a gyara. Kuɗin gwamnati ya tsallaka iyaka ba sabon abu ba ne. ECOWAS da harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga wajen yankin take rayuwa, Najeriya ce kuma babbar mai biya. Abin dubawa shi ne yadda aka tsara kuɗin. Hanyar da aka saba: ƙasashen biyu su sa hannu a yarjejeniya tun kafin a tona rami, kowace ta ciyo bashin ɓangarenta, su nemi rance mai sauƙi tare. A tsarin da asusun IDA na Bankin Duniya ya daɗe yana bi, ƙasa takan fitar da kashi ɗaya cikin uku daga rabonta, asusun ayyukan yanki ya ƙara kashi biyu. Hanyar Inugu zuwa Bamenda da gadar Mfum, Najeriya da Kamaru tare suka je gaban Bankin Raya Afirka. Idan ƙasa ɗaya ta ɗauki komai, maƙwabciyar ba ta da abin da za ta yi asara ranar da ta ga damar rufe ƙofa.

Malam Sabi'u: Yauwa Hajiya. Kuma ba Nijar kaɗai ke rufe ƙofa ba. Najeriya da kanta ta garƙame iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wato tana rufe aka amince da kwangilar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS.

Alhaji Mamman: Allah ya ja zamanin Malam, wannan hujjar kaifi biyu gare ta. Shekara da shekaru Najeriya na ba Nijar lantarki ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da take sha kafin 2023. Ba sadaka ba ce. Kogin Kwara ta Nijar yake bi kafin ya iso madatsun Kainji da Jebba, maƙwabcin da ke samun wuta da araha ba ya gaggawar tare ruwa. Da aka yanke wutar a 2023, hujjar kammala madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa a kan kogin ta ƙara ƙarfi a Yamai. Akwai ribar da ba a gani a littafin tikiti.

Hajiya Binta: Na yarda, Alhaji, amma wuta ana sayar da ita da mita, ana rubuta bashi. Layin dogo fa? Dole a rubuta mai mallakar ƙarfen da ke ƙasar Nijar, wanda zai biya diyyar gonaki da gyaran layi, yadda za a raba kuɗin dako, da kuɗin da za a karɓa, naira ko sefa. Sai kwastam: a duba kaya sau ɗaya a tasha guda, jami'an ƙasashen biyu a zaune tare, takarda ɗaya. An gina irin wannan tashar a Seme-Krake, kan iyakar Najeriya da Benin, da kuɗin Tarayyar Turai, aka buɗe a 2018, amma gini bai hana shingayen kan hanya ba. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 tana Yamai, kuma ba ta ƙarƙashin ECOWAS, can ya kamata a ɗaure waɗannan sharuɗɗan.

Malam Sabi'u: To na sassauta, ban janye ba. A gama zuwa Jibiya, guntun Maradi ya jira har a ga takardar a majalisa.

Injiniya Rabi: Wannan jiran shi ma kuɗi ne, Malam. Ɗan kwangila ya kwashe injinansa, dawo da su sabon lissafi ne, kuma cikon ƙasar da aka bari ba kwalbati, damina biyu ta isa ta cinye shi. Gara a matsa a sa hannu kan takardar yanzu aiki na tafiya.