Jahilci ne ya sa aka ƙi allurar shan inna, ko rashin yarda?

Ɗalibin Likitanci: Assalamu alaikum. Na karanta binciken Ayodele Jegede, masanin zamantakewa a Jami'ar Ibadan, wanda mujallar PLoS Medicine ta buga a 2007, kan ƙaurace wa riga-kafin shan inna a Kano, Kaduna da Zamfara a 2003. Hujjarsa ita ce abin ya samo asali ne daga rashin yarda da hukuma da Turawan Yamma. Ya ambaci gwajin maganin Trovan na 1996, da manufar gwamnatin Babangida ta kada mace ta wuce 'ya'ya huɗu. Ni kam na gamsu, a daina kiran iyayenmu jahilai.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban gamsu ba. Trovan maganin sanƙarau ne da kamfanin Pfizer ya gwada a Asibitin Zana na Kano, ba riga-kafi ba ne. Me ya haɗa shi da ɗigon foliyo? Kuma dubi abin da ƙauracewar ta haifar: cutar ta fita daga nan ta shiga Sudan, ta kai Yemen da Indonesiya. Yaran da suka shanye a lokacin yau magidanta ne, suna jan ƙasa. Bayanin masana ba zai miƙar da ƙafarsu ba.

Malamar Jinya: Kawu, a yi haƙuri. Uwar da ta ji an gwada magani kan yara kimanin 200, 11 sun rasu, ba za ta tsaya tantance wanne ne magani wanne ne riga-kafi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, kamfanin kuma bai amsa laifi ba. Na yi aikin gida-gida, tambayar da ta fi ɗaure mini baki ita ce: "Malama, ɗana na zazzaɓi sai na saya masa magani, me ya sa wannan kaɗai kuke biyo mu da shi kyauta har ɗaki?" Wallahi tambayar mai hankali ce.

Kawu: To ai kin taimake ni, 'yata. Wanda ya fi ɗaga murya cewa an sa maganin hana haihuwa a allurar, Dakta Datti Ahmed ne, likita. Ke nan manya ne suka ja talaka. Su nake tuhuma, kuma bana son bincike ya zama musu mafaka.

Ɗalibin Likitanci: Binciken bai wanke kowa ba, Kawu. Yana nuna dalilin da ya sa maganar ta samu kunnen saurare. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, da aka kawo allura daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Daga baya sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi suka shigo, hakimai da masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikata. A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Hajiya Babba: In da gaske an koyi darasi, me ya faru lokacin korona? A Disambar 2021 an lalata allurai fiye da miliyan ɗaya a Abuja, domin an ba mu su wa'adinsu na gab da ƙarewa. Da wane baki za a ce wa mutum ya yarda?

Malamar Jinya: Hajiya, gaskiya ne, amma ni mashaƙo ke hana ni barci. Tun ƙarshen 2022 Kano ce ta fi yawan masu kamuwa, akasarinsu yaran da ba a kammala musu riga-kafi ba. Duk wadda ke da jariri a gida, don Allah ta duba katinsa yau, ta ga ko ya karɓi Penta, allurar da ta haɗa da riga-kafin mashaƙo, sau uku.

Kawu: Wannan na yarda. Batun manya kuwa ina nan kan bakana.