Had-disk ɗina ya yi nauyi, yana kuma ƙamewa: ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Kwamfutar tebur ce a gida, Windows 10, RAM gigabayit 4, had-disk mai terabayit 1 irin mai faifai, ya kai shekara shida yana aiki. Wata biyu ke nan sai ta ɗauki kusan minti biyar kafin ta gama tashi. In na buɗe folda sai komai ya ƙame na rabin minti, linzami yana motsi amma ba abin da ke amsawa. In ina kwafar hotuna zuwa filash, gudun ya fara da kyau, can sai ya faɗo sifili ya tsaya. Sau biyu ta ƙi ganin had-disk ɗin gaba ɗaya, sai da na kashe na sake kunnawa. An ba ni shawarar in goge komai in sake zuba Windows. Hotunan iyali da takardun aiki duk suna ciki, kuma ba ni da kwafinsu a ko'ina.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka goge, kada ka zuba komai tukuna. Alamun da ka lissafa, musamman faɗuwar gudu zuwa sifili, na had-disk ne da ke fama da wuraren da ba sa karantuwa. Idan allurar da ke karanta bayanai ta iso wurin da ya lalace a kan faifan sai ta yi ta maimaita karatu, Windows kuma ta tsaya jiranta. Ƙamewar ke nan da kake gani.

Aikin yau ɗaya ne: fitar da abin da ba ya mayuwa. Samo had-disk na waje, ka fara da takardu domin ƙanana ne, sannan hotuna, folda bayan folda. Finafinai da manhajoji su jira. Idan ja-da-sakewa yana maƙalewa, buɗe Command Prompt ka yi amfani da robocopy:

robocopy C:\Users\suna\Pictures E:\hotuna /E /R:1 /W:1

Ka sa sunan asusunka a gurbin "suna", da harafin had-disk na wajen a gurbin E. Kada ka bar /R:1 da /W:1 ɗin nan. In ba su, robocopy zai gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Da su kuwa, sake gwaji ɗaya zai yi ya wuce gaba.

Amsa ta biyu: Bayan ka kwashe na kwashewa, ka tambayi had-disk ɗin da kansa. Yana ajiye rahoton lafiyarsa da ake kira SMART, manhajar CrystalDiskInfo tana karanta shi kyauta. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma ya tafi. Amma kada ka tsaya a launi, duba layuka huɗu a shafin ƙarshe na dama. Layin 05 adadin guraben da suka mutu aka musanya su da na ajiya. C5 waɗanda suka ƙi karantuwa suna jiran hukunci. C6 waɗanda gyara ya gagara. C7 kurakuran da ake samu a hanya tsakanin had-disk da madabod, wato babban allon da komai ke haɗuwa a kansa. Lambobin da manhajar ke nunawa da farko na lissafin sha-shida ne, ka shiga saitinta ka mayar da su lissafin goma, in ba haka ba za ka ga 70 alhali 112 ne. Ka duba zafi ma: ƙasa da digiri 50 babu damuwa, idan yana kusantar 60 fanka ta tsaya ko ƙura ta toshe iska.

Amsa ta uku: Ni ɓacewar nan sau biyu ce ta tsaya mini a rai, domin waya ma tana jawo haka. Kashe kwamfutar, zare ta daga wuta, buɗe murfin gefe. Waya biyu ke shiga had-disk: siririya mai haƙora 7 ta bayanai, da mai faɗi mai haƙora 15 ta wuta. Cire su ka mayar da kyau, in da hali canja siririyar da sabuwa ka kuma sa ta a wata kafar SATA ta madabod. Had-disk mai inci 3.5 yana jan volt 12 da volt 5, to idan akwatin wutar ya tsufa, motar faifan takan kasa ɗaukar gudu lokacin tashi. In C7 ne kaɗai ke hawa, laifin waya ne, had-disk ɗin ba ruwansa. Kuma a faɗi gaskiya, RAM gigabayit 4 ya yi wa Windows 10 kaɗan. In ya cika sai ta riƙa zuba ragowar a had-disk, ka ga Task Manager yana nuna 100 cikin 100 ko da faifan lafiyarsa ƙalau.

Amsa ta huɗu: Me zai hana ya gudanar da chkdsk /r sannan ya yi difarag? Ai su ne maganin nauyi.

Amsa ta farko: A'a ɗan'uwa, ba yanzu ba. Umarnin chkdsk /r yana bin kowane gurbi na faifan ɗaya bayan ɗaya, a terabayit 1 awanni ne, a mai ciwo kuma yana iya kwana. Ƙarfin da ya rage wa allurar gara a kashe shi wajen kwafa. Ga shi kuma yana rubutu a kan faifan: fayil ɗin da ya ga ya tsinke yakan yanka shi ya jefa gutsattsarin a folda mai suna found.000. Difarag ya fi muni, domin ɗaga fayiloli yake yi daga inda suke zaune lafiya ya sauke su wani wurin. Ga had-disk mai lafiya duk biyun suna da amfani. Wannan ba mu tabbatar da lafiyarsa ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Takardu sun fita duka, hotuna kuma robocopy ya tsallake guda 37. Launin rawaya ne. 05 yana 24, C5 jiya 112, yau 140, C6 yana 9, C7 sifili, zafi 41. Na canja waya duk da haka. Wani lokaci ina jin ƙas-ƙas a hankali.

Amsa ta biyu: To Malam, an gama bincike. C7 sifili ya wanke waya, zafi daidai ne. C5 da ya ƙaru da 28 a kwana ɗaya yana nufin lalacewar ci gaba take yi, babu manhajar da za ta tsayar da ita. Daina tayar da Windows daga kansa, domin ko kana zaune ba ka taɓa komai ba tana ta rubutu a kai.

Don hotuna 37 ɗin, gwada GNU ddrescue, manhajar da ke kwafe had-disk mai ciwo gaba ɗaya zuwa wani. Zuba SystemRescue, tsarin Linux na ceto mai ɗauke da ita, a filash, ka tashi daga filash ɗin, ka haɗa wani had-disk wanda babu komai a ciki, girmansa daidai da tsohon ko ya fi shi. Rubuta lsblk ka tantance wane ne wane ta girma da suna. Idan tsohon sda ne sabon sdb:

ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdb taswira.log

Wannan zagayen yana kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ya bar masu taurin kai. Sai ka maimaita da -r3 a maimakon -n, ya koma kan waɗanda suka rage sau uku. Fayil ɗin taswirar shi ke tuna inda aka tsaya, don haka ajiye shi a wani filash, kada ya tafi in wuta ta ɗauke. Ka duba jerin sunayen sau biyu kafin ka danna: na farko tushe, na biyu masauki. In ka juya su, wofi za ka shimfiɗa a kan hotunanka.

Idan ƙas-ƙas ɗin ya koma mai ƙarfi yana maimaituwa, kashe nan take. Allura ce ta samu matsala, kowane juyi yana iya kankare faifan. Daga nan sai masu ceto bayanai da ke da ɗaki marar ƙura. Kada ka kwance murfinsa, kada ka sa shi a firiza kamar yadda wasu ke yaɗawa. Raɓa ce za ta taru a ciki.

Amsa ta uku: Wajen maye gurbi, ɗauki SSD na SATA mai inci 2.5, wato ma'ajiyar bayanai marar faifai da allura. Wayoyin nan biyu su ne za su shiga, ba sai ka canja komai ba. Had-disk mai juyi 7,200 a minti yakan ba da megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD ɗin kuma wajen 500, amma inda za ka fi jin bambanci shi ne ƙananan fayiloli, tunda babu allurar da za ta yi yawo. Zuba Windows sabuwa fil, kada ka ɗauko ta tsohon, domin wataƙila wasu fayilolinta suna kan guraben da suka mutu. Lokacin zubawar ka cire tsohon had-disk ɗin daga waya, don kada ta ajiye fayilolin tashi a kansa. In madabod ɗin yana da gurbi, ƙara RAM ya kai gigabayit 8, amma duba ko DDR3 ne ko DDR4 kafin ka saya, ba sa shiga gurbin juna.