Koyon IFR a jirgina: in sabunta na'urori tukuna ko in fara haka?

Mai Cherokee:
Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohio, ina da lasisin tuƙin jirgin sama na ƙashin kai da ƙaramin jirgi Piper Cherokee 180 ƙirar 1967. Daga Nuwamba zuwa Maris gajimare ba ya ɗagawa, jirgi yana ajiye ina ta biyan kuɗin rumfa. Shi ya sa nake son shaidar IFR, wato tuƙi da na'urori kaɗai. Awa 50 na doguwar tafiya da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ke nema na cika su. Sai dai agogunan jirgin tsoffin yayi ne masu aiki da famfon iska, GPS ɗin kuma Garmin 430 ne marar WAAS, tsarin da ke ƙara wa GPS daidaito. Bakanikena ya ce in sa G5 biyu, agogunan zamani na lantarki da ke maye gurbin masu famfon iska, kafin in fara, kuɗin kuwa ba na wasa ba. Me kuka gani?

Malamin Tuƙi:
Wa alaikumus salam. Malam, buɗe littafin jirgin tukuna. Gwajin ma'aunin tsayi da na taransifonda (na'urar da ke bayyana jirgi ga radar) duk wata 24 ne, na VOR (na'urar bin siginar rediyo daga ƙasa) duk kwana 30 in za ka yi aiki da shi, bayanan GPS kuma ana sabunta su duk kwana 28. In waɗannan sun cika, 430 ɗinka ya isa. Saukar LPV, wato sauka da jagorancin GPS mai WAAS, ce kawai ba za ka samu ba, sai ka nemi filin da ke da ILS, siginar rediyo mai jagorantar jirgi wajen sauka. Kuma tunda kai ka kawo jirgin, binciken da ake yi wa jirgi duk awa 100 na tashi bai hau kanka ba, na shekara ya wadatar. Ka kira masu inshora su sa sunan malaminka kafin darasin farko.

Baban Yusra:
Ni dai ban bi Malam a nan ba. Famfon iska ba ya sallama in zai mutu. Agogon da ke nuna karkatar jirgi yakan kwanta a hankali, kai kuma kana bin sa cikin gajimare kana ganin daidai kake. Nawa a rana tsaka ya mutu, sama garau, amma sai da gumi ya jiƙa min riga. In dai za ka sa G5 ɗin nan gaba, sa shi yanzu, idonka ya saba da abin da za ka tuƙa da shi. Kada ka tsinka horo a tsakiya jirgi ya kwana gareji makonni.

Hajiya Matuƙiya:
Ɗan'uwa, ba wanda ya ambaci ƙanƙara. A sanyin Ohio, musamman kusa da tafkin Erie, gajimaren nan kan daskare a fuka-fuki, Cherokee kuwa ba a amince mata shiga ƙanƙara ba. Shaidar za ta fi yi maka amfani a bazara da kaka. Batun kuɗi kuma, cikin awa 40 na tuƙi da na'urori da ake nema, 15 kaɗai ne dole da malami. Sauran ka sa tabarau mai tare gani, abokinka mai lasisi ya zauna dama yana duba maka waje.

Mai Cherokee:
Na gode ƙwarai. Na duba littafin, gwajin ma'aunin tsayi ya wuce lokaci. Zan kai jirgin a yi shi tare da G5 ɗin, ni kuma in zauna karatun jarrabawar rubutu kafin ya fito.